Ƙullin da Ya Maƙale a Saman Jirgin Khalfan

Akwai wani matuƙin jirgin ruwa a garin Sur da ke bakin teku a ƙasar Larabawa, mai suna Khalfan. Ya gaji jirgi daga mahaifinsa, amma wallahi bai gaji kunnen sauraro ba.

Wata rana suka ɗauko dabino za su Maskat, su tara a jirgi. Jirgin ba inji, sai babban ƙyallen da iska ke turawa. Suna tsakiyar tafiya tsoho Musabbah, mai kula da igiyoyi, ya ga igiyar da ke ɗaga ƙyallen ta fara cinyewa.

"Ɗana, a sauke ƙyalle in gyara," in ji shi. "In yanke wurin, in warware bakin biyu, in saƙa su cikin juna. Rabin awa kawai."

"Rabin awa? Baffa, ga jirgin abokin gasarmu Darwish can zai riga mu kasuwa! A yanke wurin a ƙulla."

"Ƙulli ba ya wuce tayar katakon da ke saman doguwar sandar da ke riƙe ƙyalle. Ranar da ka so sauke ƙyalle, ba zai sauka ba."

Khalfan ya yi tsaki. "Kai dai tsufa ya sa ka tsoro. Je ka sha gahawa."

Da hannunsa ya ƙulla, har yana dariya.

Bayan azahar sama ta yi baƙi. Iska ta taso daga tudu gaba ɗaya, ta cika ƙyallen, jirgi ya kwanta gefe guda. Ruwa ya fara shigowa.

"Ku sauke! Ku sauke!" Khalfan ke ihu.

Suka saki igiya. Ta yi gudu kamu uku, sai ƙulli ya kai taya ya tsaya cak. Suka ja, suka girgiza, ina! Ga duwatsu a gabansu, jirgi na nufar su a guje. Masu salati na yi, masu kiran 'ya'yansu na yi.

Musabbah ya ciji wuƙa, ya kama sanda ya hau, mutum mai shekara sittin da bakwai. Sau biyu yana zamewa. Da ya kai sama ya yanke igiyar, ƙyalle ya faɗo, jirgi ya miƙe. Amma igiyar ta fizgi hannunsa na dama, ta tafi da yatsu uku.

Da aka sauko da shi, Khalfan ya durƙusa yana kuka. "Baffa, ka yafe mini."

Tsohon ya dubi hannunsa. "Na yafe, ɗana. Sai dai ka nemi wanda zai riƙa saƙa maka igiya. Ni kam na gama."

Darasi: In wanda ya san aiki ya ce ka dakata, ka dakata. Girman kanka ba kai kaɗai yake cuta ba, wani lokacin wanda ya gargaɗe ka shi ke shan wahalar. Ku tura wa 'yan uwa masu gaggawa su karanta.