Shukar da Zira Ya Saya a Waya

Akwai wata mata a Mubi, sunanta Anita. Mijinta Zira ya rasu bayan gajeriyar jinya, ana tsakiyar zafi.

An gama zaman makoki ke nan, sai wayar marigayin ta yi ƙara. Direba ne daga tasha, ya ce akwai saƙon Zira daga Jos, ya daɗe yana jiran mai shi.

Anita ta hau keke napep ta je ta karɓo kwali. A ciki akwai ƙaramar shuka, irin wadda ganyenta ke zama kore rani da damina. Ashe Zira ya gan ta a intanet ya saya, don ya dasa a ƙofar gidan da suka gina tare.

Ta dasa. Kullum da safe sai ta zuba mata ruwa, ta koma ɗaki ta zauna tana kallon bango. Ba ta kuka. Ba ta hira. Abinci sai an tuna mata.

Mutane kuwa ba sa rasa abin faɗa. Maƙwabciyarta Eva ta ce, "Miji ya mutu, ko ɗigon hawaye babu, sai kiwon fulawa? Wannan da ma jira take."

Magana ta kai Bahuli, wurin dangin Zira. Suka ce macen da ba ta yi wa ɗansu kuka ba, ba za ta zauna a gidansa ba. Uwarsa, Mama Kwaji, ta ce su dakata sai ta gani da idonta.

Ta iso ta tarar da Anita da bokiti a hannu. Shukar tana nan kore shar. Tsohuwar ta sunkuya ta murza ganye, sai ya farfashe a yatsunta. Ta kankare bawon reshe da farce. Cikinsa busasshe ne, ba danshi ko kaɗan.

Ta ce, "'Yata, wannan abu ai ya bushe. Launi ne kawai ya rage."

Anita ta ce, "Na sani, Mama. Tun da na dasa bai ƙara ganye ko ɗaya ba."

"To me ya sa kike ɓarnar ruwa?"

"Idan na daina, ban san abin da zan yi da safiya ba."

Mama Kwaji ta daɗe tana kallonta. Ta ga yadda zane ya yi mata yawa a ƙugu. Sai ta koma kan shukar tana kankarewa, reshe bayan reshe, tana yin ƙasa. Can gindi, dab da ƙasa, farcenta ya fito da danshi. Ƙarƙashin bawon kore ne.

Ta ce, "Miƙo mini wuƙa."

Ta sare duk rassan nan masu kyan gani, ta bar ɗan kututture. Eva ta leƙo ta katanga ta ce, "Mama, kin kashe fulawar!"

"Ke kuma wa ya sa bakinki? Je ki duba tukunyarki."

Mama Kwaji ta aika wa dangi cewa Anita tana ɗakinta, mai son fitar da ita ya fara fitar da uwar Zira. Ta shimfiɗa tabarmarta a gidan, ba ta koma Bahuli ba.

Da ruwan farko ya sauka, tsiro biyu suka fito a jikin kututturen. Anita ta tsaya ta dube su. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murmushi ba. Ta ajiye bokitin ta ce, "Mama, akwai sauran kunu?"

Darasi: Ganye yana ƙarya, fuska ma haka. Kada ku yanke wa mai makoki hukunci da yawan hawayensa. Ku matsa kusa ku duba, ko ku kame bakinku. Ku tura wa wasu, musamman masu leƙen katanga.