Tayar Da Ba Ta Sallama

Akwai wani mutum a garin Shepparton, Warrick Dunstan, mai sayar wa manoma injinan ban ruwa. Wata Asabar ta watan Yuli, sanyin ƙasarsu na tsakiyarsa, ya ɗora ƙaramar motarsa ta tsere a kan tirelar da yake ja da a-kori-kura, ya nufi filin tsere da ke bayan gari. Matarsa Noeline na zaune a gefensa, fulas ɗin shayi a cinyarta.

Tun da 'ya'yansu suka bar gida, haka Asabar ɗinsu take. Shi yana zagaya fili, ita tana auna iskar taya, tana riƙe agogo, tana ɗaure masa igiyar hular kwano.

Da can takan yi magana. Takan ce gwiwarta ba ta son tsayuwa a sanyi. Takan ce 'yarsu Bronwyn ta haihu a Adelaide, jika har ta fara zama, su kuwa a waya kawai suka san fuskarta. Takan ce, "Warrick, Asabar ɗaya fa nake roƙo." Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: "Bari mu gama da wannan zagayen tukuna."

Tun wajen bikin Ista ta daina. Ba faɗa suka yi ba, dainawa kawai ta yi. Warrick ya lura, ya kuma ji daɗi. Har ya gaya wa abokinsa Cosimo Barbaro cewa a ƙarshe dai gidansa ya samu lafiya.

Abin da ya kawo shi fili a wannan rana gwaji ne. Ya shafe watanni yana karanta gardamar mutane a kan taya iri biyu, har idonsa ya gaji, ya ce gara ya gwada da kansa.

Iri na farko su ne tsofaffin da ke jikin motar. Suna da zane mai zurfi, robarsu da ɗan tauri, ana hawa titi da su, ana shiga fili da su. Aibinsu ɗaya a wurinsa: da an matsa musu a kwana sai su fara ƙara, wani siririn kuka mai shiga kunne.

Iri na biyu sababbi ne ful, suna jere a bayan a-kori-kura. Fuskarsu kusan sumul take, zane kaɗan, roba mai taushi. Idan suka ɗau zafi, kama kwalta suke kamar ɗanko.

Ya fara fita da tsofaffin. Motar ta yi abin da ta saba. A kowace kwana, kafin ta fara zamewa, tayoyin su yi kuka, shi kuma ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur, su yi shiru, ya wuce. Ya san wannan kukan kamar yadda ya san tarin kansa. Ya daɗe bai ɗauke shi a bakin komai ba sai damuwa.

Da ya dawo rumfa, ya tarar da abokan wasansa a tsaye gaban mai gasa nama, kowa da burodi a hannu, hayaƙi na fita daga bakinsu saboda sanyi. Cosimo, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, ya ɗaga masa hannu.

"Kai mutumina, daga nan muke jin ka. Mota kake tuƙawa ko alade kake yankawa?"

Aka yi dariya. Warrick ya cire hular kwano, ya shuri tayar baya da ƙafa.

"Ai waɗannan na raɗa musu suna," in ji shi. "Noeline nake ce musu. Kowace kwana sai sun yi mita. Ka yi dama mita, ka yi hagu mita."

Dariyar ta fi ta farko ƙarfi, sannan ta yanke da wuri, domin Noeline tana durƙushe a ɗaya gefen motar da ma'aunin iska a hannu. Wasu sun manta tana wurin. Warrick bai manta ba. A ganinsa wasa ne, kuma ya san ba za ta ce komai ba.

Ta dafa motar ta miƙe a hankali saboda gwiwa, ta ɗauko jak.

Su biyu suka sauya tayoyin. Shi yana kwance notuna, ita tana mirgino sababbin, tana jera tsofaffin a jikin shinge. Cosimo ya matso yana tauna, ya danna babban yatsansa a jikin sabuwar roba.

"Na taɓa sa irin waɗannan bara," in ji shi.

"Ka ga gudu ko?"

"Na ga gudu. Na kuma ga ciyawa ta taga, na ga sama, na sake ganin ciyawa." Ya haɗiye lomarsa. "Suna da daɗi, ban ce ba su da daɗi ba. Amma ba sa sallama, mutumina. Waccan tsohuwar taka tana gaya maka tun da sauran wuri. Wannan tana riƙe da kai, tana riƙe da kai, sai kawai ka ga ba ta nan."

"Kai dai ka tsufa ne, Cosimo. Hannunka ya saba da sitiyarin tirela."

"To, yaro. Allah ya ba da sa'a."

Wajen tsakar rana hazo ya yaye, rana ta ɗan leƙo, kwalta ta bushe. Warrick ya fita da sababbin.

Gaskiya ne, abin da ya karanta ba ƙarya ba ne. Zagayen farko motar ta ɗan yi rawa, amma da robar ta ɗau zafi sai komai ya canza. Kwanar da ya saba taka birki tun daga nesa, yanzu sai ya kusa shiga cikinta. Motar ta kwanta a ƙasa kamar an ɗinke ta da kwalta. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne shirun. Babu kuka, babu ƙorafi, injin kawai da iska.

Ya dawo fuskarsa a sake, abin da ya daɗe bai faru ba. Noeline ta juyo masa da fuskar agogo. Bai taɓa zagaya filin da sauri haka ba.

"Kun gani?" ya ce wa mutanen rumfa. "Abin da mutum ke so ke nan a rayuwa. A yi aiki, a rufe baki."

Noeline ta zuba masa shayi, ta miƙa masa ƙwayar maganin hawan jininsa, ta koma kan kujerarta ta naɗewa ta rufe gwiwa da bargo. Ta daɗe tana kallon wani hoto a wayarta. Bai tambaye ta ko na wa ne ba.

Da la'asar gajimare ya dawo. Iska ta juya, ta taso daga kudu da sanyinta, har wani ɗan yayyafi ya sauka wanda bai isa jiƙa riga ba. An kira rukunin direbobinsu don fita ta ƙarshe. Mutane da dama sun riga sun fara ɗaure motocinsu, Cosimo ma yana cikinsu.

Warrick ya ɗauki hular kwano. Yana son ya sake jin abin da ya ji ɗazu, sau ɗaya kawai, kafin mako ya dawo da injinan ban ruwa da manoma masu ciniki.

Noeline ta durƙusa ta auna iska, ta ɗora tafin hannunta a kan robar, sannan ta taɓa ƙasa.

"Sun huce," in ji ta. "Iskarsu ta sauka. Ƙasar ma da danshi."

Muryarta ba ta da zafi, ba ta da roƙo. Kamar mai karanta labarin yanayi a rediyo.

Warrick ya waiwayi abokansa ya kashe ido. "Kun ji ko? Na zaci na cire su na jingine a shinge, ashe da saura."

Wannan karon mutum ɗaya ne kawai ya yi dariya, shi ma bai kai ƙarshenta ba.

Noeline ta dube shi. Ba harara ba ce. Kallo ne irin wanda mutum ke yi wa ɗaki bayan ya gama kwashe kayansa, don ya tabbata bai manta da komai ba. Ta ɗaure masa igiyar hular kamar kullum, ta gwada ta da yatsa.

"To," in ji ta.

Ya san ya kamata ya ba robar lokaci ta ɗau zafi. Ya karanta hakan sau ba adadi. Amma a zagaye na biyu motar ta yi masa shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini. Ya shiga doguwar kwanar hagu da gudun da ya shige ta da rana.

Kunnensa na jiran wani abu ya ce masa ya isa. Shekara da shekaru akwai abin da ke gaya masa. Babu abin da ya ce komai.

Motar ta juya, bayanta ya wuce gabanta. Ya ga shinge, ya ga rumfa can nesa, ya sake ganin shinge. Tsakuwa ta yi ta dukan ƙasan motar, sannan gefenta ya haɗu da katangar tsofaffin tayoyi da aka jera don irin wannan rana. Injin ya mutu.

Aka ɗaga jar tuta, alamar kowa ya tsaya. Ya fito da ƙafarsa, haƙarƙarinsa na zogi. Ma'aikaciyar motar asibiti ta haska masa ido, ta tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ta ajiye shi a ɗakin duba marasa lafiya har ta gamsu. Duk tsawon lokacin yana shirya abin da zai ce wa Noeline. Ya san za ta ce ai ta faɗa. Ya ma shirya amsa.

Da ya koma rumfa, an riga an jawo motar, gefenta a lotse. Tirelar na nan, an sauke mata matakala, an shimfiɗa igiyoyin ɗauri a jere yadda zai same su da sauƙi. Kujerar naɗewa na nan, a kanta fulas da ma'aunin iska da agogo.

A-kori-kurar ce babu.

Cosimo yana zaune a kan tsofaffin tayoyin da ke jikin shinge, hannayensa cikin aljihu.

"Ina Noeline?"

"Ta tafi."

"Ina? Shago?"

"Ta tsaya a bakin shinge har ta ga ka fito da ƙafarka. Ta je ta tambayi yarinyar asibitin, aka ce mata ba abin da ya karye. Sai ta dawo ta kwance tirelar. Na ce in taimaka mata, ta ce ta iya."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ba ta ba ka saƙo ba? Ko zagi?"

Cosimo ya girgiza kai. Ya dubi lotsattsiyar motar. "Tashi mu ɗaure ta, in ja ka gida kafin duhu."

Suka kama hanya. Warrick ya kira wayar Noeline, ta yi ta ringi har ta katse.

A-kori-kurar na ƙofar gida, makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Ƙaramar motar Noeline ce ba ta nan. Ya shiga ya kunna fitila. A kallon farko, komai a share, komai a goge.

Sai a lokacin ya fara gani. Keken ɗinkinta babu, kuma ƙurar da ta kwanta a gurbinsa ba ta yau ba ce. Hotunan yara da ke jikin bango sun ragu, sai ƙusoshi. Rabin durowar kaya fayau. Ba a yini ɗaya aka kwashe wannan ba. An yi watanni ana fitar da su kaɗan-kaɗan, ta gabansa, yana zaune a kujerar nan yana karanta gardamar taya.

Ya kira Bronwyn. Ta ce, "Baba, Mama na hanya, ta tsaya kwana a wurin ƙanwarta. Tun Ista muka gyara mata ɗaki. Na zaci ka sani." "Kai ba ka tambaye ta ba?"

Washegari da safe ya sake kiran Noeline. Wannan karon ta ɗauka. Yana jin ƙarar hanya a bayanta.

Duk abin da ya shirya ya gudu. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Noeline, don Allah ki yi min faɗa. Ki faɗi duk abin da kike so, ina ji."

"Na faɗa ai, Warrick," in ji ta, ba tare da fushi ba. "Na daɗe ina faɗa. Yanzu ba ni da sauran abin cewa. Maganinka na kan firji, ka sha bayan ka ci abinci."

Ta kashe wayar.

Darasi: Wanda yake yi maka ƙorafi bai fid da rai da kai ba tukuna, yana gaya maka ne tun da sauran wuri. Kada ka mai da muryarsa abin dariya, kada kuma ka ɗauki shirunsa a matsayin zaman lafiya. Idan akwai wanda ya saba yi maka magana ya daina, ka je ka tambaye shi yau, ka kuma saurara. Ku tura wa wanda kuka san yana murna gidansa ya yi tsit.