Dodon Kabewa Mai Cin Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko da gangarowa za ta yi.

Kun taɓa jin dodon da ba ya cin mutum, sai gyaɗa? To, Kurege ne ya gina shi.

Kaka ce, an cire gyaɗa, kowane gida da tsibinsa ban da gidan Kurege, don shi barci ya noma da damina. Ran nan ya tsinci wata jaka a gindin tsamiya, yaran birni da suka zo hutu ne suka manta da ita. Cikinta fale-falen roba ne na wasan gini, ja da kore da shuɗi. Ka kai wannan kusa da wancan, sai su manne, ƙas.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya kira autarsa Ladidi, wadda ko ganye ya motsa sai ta ruƙunƙume wutsiyarsa.

"Auta, miƙo ja." Ta miƙo.

"Miƙo kore." Ta miƙo.

Suka manna, suka manna, har suka yi kwararo daga kan suri. Ya lanƙwasa hagu, ya lanƙwasa dama, ya bi ta wani rami mai duhu da suka lulluɓe da yanar gizo. A ƙarshensa Kurege ya girke ƙatuwar kabewa, ya rarake cikinta, ya yanka mata idanu da haƙora.

"Baba, wannan fa?"

"Dodon kaka ne. Duk wanda ya gangaro masa da gyaɗa, ba zai bi shi gida ba."

Ladidi ta laɓe bayan suri. Shi kuwa ya zagaya, ya shige kabewar ta wata 'yar kafa a baya.

Nan da nan yara suka taru, 'ya'yan Zomo da jikokin Inna Bushiya. A saki gyaɗa, ta tafi ƙwal-ƙwal-ƙwal, hagu, dama, rami, bakin dodo. Sai a ji ƙurus-ƙurus daga ciki. Yara su watse da ihu, su dawo da dariya da wata gyaɗar.

Kurege ya ci, ya ci, ya ci. Da ya tashi fita, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya juya, ya mutsuttsuka, sai wutsiyarsa ta leƙo ta tsakanin haƙoran dodo, ta ƙi komawa.

Ta idon dodo ya hango Inna Bushiya tafe da taɓarya, tana neman mai ƙarar mata da gyaɗa. Ba taɓaryar ce ta fi damunsa ba. Ladidi ce za ta ga an zaƙulo ubanta daga cikin ƙarya. Ya fara kuka a hankali.

Can sai ga Ladidi a kan suri, tana turo goruba wadda ta fi kanta girma.

"Dodo, tofar min da babana."

Ta saki. Goruba ta taho, hagu, dama, rami, fale-fale na watsewa a bayanta. Fus, kabewa ta dare.

Kurege ya faɗo yana birgima. "Haɗiye ni ya yi, jama'a! Roƙonsa na je yi ya bar yara."

Inna Bushiya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai aka haɗiye, kuma kai ka yi tumbi?"

"Tsoro ne, Inna. Kumbura ni yake yi."

Yara suka ɗaga Ladidi sama suna yi mata kirari. Inna ta yi tsaki, ta kwashi kabewar ta tafi yin miyar taushe.

A hanyar gida Ladidi ta ɗage, ta cire masa ɓawon gyaɗa daga gashin baki. Kurege ya buɗe baki zai yi ƙarya, ƙarya ta ƙi zuwa.

"Auta, ni ne dodon."

"Na gane tun daga tauna. Kai kaɗai ke cin gyaɗa kana 'yar waƙa."

"To me ya sa kika ce ya tofar da ni?"

"Ba ka ga taɓaryar Inna ba?"

Kurege ya tsugunna, ya goya ta.

Ta kwantar da kai a wuyansa. "Gobe mu sake ginawa, Baba, amma babu dodo. Kowa ya gangaro, mu raba."

"Har da Inna?"

"Ita za ta fara."

Ƙurunƙus kan goruba. Darasin shi ne, mai shiga kabewa ya auna ƙofa da tumbin bayan ci. Ku kuma, kafin ku yanka kabewar bana, ku ƙwanƙwasa tukuna, ku tambaya ko da kowa a ciki.