Akurkin Delu da Ƙadangare Mai Gyaɗa Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho ƙafarta duk laka!

Ta zo mu ji ta, ma wanke mata!

To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

An yi wata yarinya, sunanta Delu, shekararta huɗu, ko makaranta ba ta isa shiga ba. In manya sun tafi gona, sai a tara ƙananan yara a gindin wata tsamiya bakin kududdufi, wajen kakarsu Iya Kulu. Iya tana kaɗin auduga tana gyangyaɗi, su kuwa suna ta gini. Tanko ɗan shekara biyar, motar kara yake yi. Ladidi kuwa ta jera gwangwanaye, ta ture, ta yi dariya, ta sake jerawa.

Delu tana da ɗan tsako guda, fari kamar audugar Iya. Su bakwai aka ƙyanƙyashe, Shirwa ta kwashe shida ɗai-ɗai, uwar kuma ta mutu. Shi kaɗai ya rage, yana kwana a cikin rigar Delu. Amma tsako ba ya zama a riga. Yana son ya sauka ya yi tono, ga Shirwa can sama tana shawagi, inuwarta tana zagaya ƙasa a hankali.

Delu ta ce, “Zan gina masa akurki.”

Ashe ran nan da safe Shirwa ta cafke Ƙadangare yana shan hantsi a kan katanga. Ya ce, “Ranki ya daɗe, me za ki ci a jikina? Ƙashi ne da fata. Ba ni kwana uku, in sa miki tsakon can a fili.”

Shirwa ta ce, “Kwana uku. In babu tsako, kai ne.”

Ranar farko Delu ta tara jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafarta, ta daddaɓe, ta zare ƙafar a hankali. Ga ɗaki har da ƙofa. Ƙadangare ya matso yana gyaɗa kai.

“Ya yi! Ya yi! Sa shi ciki, ki tafi wasanki.”

Ta sa tsako. Rana ta ɗaga, yashi ya bushe, ɗaki ya zube shuuu. Inuwa ta faɗo! Da ƙyar Delu ta rigaye ta, ta cusa tsako a riga.

Tanko ya ce, “Delu, ɗakinki ya tafi unguwa?”

Ta ce, “Motarka ma ba ta da taya.”

Rana ta biyu ta ɗebo jar laka daga kududdufi. Ta kewaya, ta ɗora, ta ɗora, ta ƙara ɗorawa, har gini ya kai gwiwarta. Ƙadangare yana gefe, kai na sama na ƙasa.

“Ya yi! Ya yi! Ƙara ɗaya! Yi sauri!”

Ta ƙara. Gini ya yi ciki, ya karkace, ya zauna daɓas kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa. Wannan karon Shirwa ba ta ma koma sama ba, a reshen tsamiya ta sauka tana gyara fiffike.

Delu ta fashe da kuka, ta je ta kwanta a cinyar Iya, tsako a ƙirjinta. Rana ta take, iska ta tsaya. Mazarin Iya yana juyawa, yana juyawa. Can sai ta ji wani siririn sauti, zzzz, kamar ana goge daga nesa. Zanzaro ce, mai siririn ƙugu, ɗauke da ɗigon laka a baki, tana waƙa:

“Na kwaɓa, na ɗora,
Na bar wa rana.
Rana, sha ruwanki,
In dawo, in ƙara.”

Delu ta ji tana ƙanƙancewa. Ta koma kamar gyaɗa, ta koma kamar wake, ta koma kamar ƙwayar gero. Zanzaro ta ce, “Hau, ’yar magina, riƙe ƙuguna.” Suka tashi. Kududdufi ya zama wani babban kogi mai walƙiya, zaren Iya ya zama farar hanya da ta miƙe har cikin gajimare. Suka sauka a jikin tsamiya, ƙofar gidan Zanzaro.

Ciki sanyi, ga ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. Ɗaki cikin ɗaki, ko’ina sumul. A jikin bango akwai layi-layi, wani kan wani.

Zanzaro ta ce, “Ƙirga.”

Delu ta ce, “Ɗaya, biyu, uku... da yawa.”

“Kowane layi tafiya guda ce. Danna da yatsa.”

Ta danna. Bango ko gezau.

“In yatsanki ya shiga, gini bai shirya ɗaukar wani ba. Ki zauna.”

“Ni ba na son zama.”

Zanzaro ta yi dariya, zzzz. “Wa yake so?”

Delu ta farka, tsako yana tsattsagar ɗan kunnenta. Ta miƙe ta ce, “Tanko! Ladidi! Ku zo mu taka laka!”

Iya ko ido ba ta buɗe ba ta ce, “Ku zuba mata busasshiyar ciyawa, ’yan nema, in ba haka ba tsagewa za ta yi.”

Suka zuba ciyawa, suka shiga da ƙafa, caɓal, caɓal, suna rawa suna faɗuwa, har laka ta yi danƙo. Delu ta kewaya layi ɗaya tak, ta bar gurbin ƙofa, ta koma gefe.

Ƙadangare ya ce, “Af, shi ke nan? Ɗora mana! Ya yi!”

Delu ta danna yatsa. Ya shige. Ta ce, “Bai yi ba.” Ta zauna a kan hannuwanta don kada su ɗora ba da saninta ba.

Rana ta uku da sassafe ta danna, yatsa bai shiga ba. Ta ɗora layi na biyu, ta zauna. Kai, zaman nan! Ta ƙirga tururuwa, ta kai uku ta sake farawa. Ta bi wani gajimare da ido har ya zama raƙumi, ya zama tulu, ya watse. Da hantsi ta danna, ta ɗora na uku. Tanko ya cire karan motarsa ya jera a sama, suka shafe da laka. Ladidi ta kawo sakaina ta yin ƙofa. Rana ta yi ta shan ruwanta.

Ƙadangare fa ya ga kwana uku sun cika, ba tsako. Ya kwashi ragowar jar laka, ya ɗora, ya ɗora, ya ɗora, ya yi wa kansa maɓoya nan take. Ya dube ta ya gyaɗa kai. “Ya yi.”

La’asar ta yi, Shirwa ta saki reshe. Delu ta tura tsako ciki, ta toshe da sakaina, ta ja da baya. Shirwa ta kai sura, ƙar! Ta sake, ƙar! Ta sake, ƙar! Ƙura kawai ta tashi. Daga ciki aka ji, “Tsiyo, tsiyo.”

Shirwa ta juyo ta ce, “Ina mai kwana uku?”

Ƙadangare ya ruga ya faɗa ɗakinsa. Ɗanyen gini ya rufto masa a ka, wutsiya a waje. Shirwa ta fizge wutsiyar ta yi sama. Ya zaro kai jawur da laka, ya shige tsagar katanga. Har yau jan bai fita ba, har yau ba shi da ɗakin kansa, kuma duk abin da ya gani gyaɗa masa kai yake yi.

Delu ta kwanta rubda ciki, ta leƙa ta gefen sakaina. Tsako ya sa kai cikin fiffike yana barci. Can saman tsamiya, zzzz.

To kun ji. Wanda kome kuka yi sai ya ce muku ya yi, kada ku tsaya kallon kansa, ku danna da yatsanku tukuna.

Ƙurunƙus kan jan ƙadangare! Ku tashi, wanda ƙafarsa ke da laka kada ya hau mini tabarma.