Layi Biyun da Nagama Bai Rubuta Ba

A ofishinmu akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta da muke kira Nagama, domin kafin ka rufe baki ya ce ya gama. Ya iya aiki, ban hana shi ba, amma gaggawa ta yi masa yawa.

Gwaggonsa, wadda ta riƙe shi tun yana maraya, ta sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya ce shi zai rubuta manhajar da ke daidaita zafinsa.

Irin wannan injin yana da manhajar waje, inda mutum ke saka lambar zafi, da kuma ta ciki, wadda ke juya na'urar. Ta ciki kwafo saƙon lambar take yi daga ma'ajiyar ta waje. Wani lokaci wurin da aka nuna mata ba ya karantuwa, sai kwafin ya tsaya a hanya, ya faɗi adadin abin da ya kasa ɗaukowa. Layi biyu kacal ake rubutawa a cikin manhajar a duba wannan amsa.

Babbar injiniyarmu ta leƙa allonsa ta ce, "Ina layin da ke duba ko kwafin ya cika?"

Ya yi dariya. "Haba Anti, sau ashirin na gwada, bai taɓa tsayawa ba."

"In ya tsaya fa?"

"Ba zai tsaya ba. Na gama."

Gwaggo ta jera ƙwai dubu biyu. A rana ta goma sha takwas, da azahar, kwafin ya tsaya. Rabin saƙon ya shiga, sauran gurbin da aka tanadar masa kuwa tsofaffin lambobi ne a ciki. Injin bai san an samu matsala ba, ya ɗauki lambar a haka, ya yi ta ƙara wuta.

Ni na raka shi gidan. Warin ne ya fara tarbar mu tun daga ƙofa. Gwaggo tana zaune a ƙasa, ta fasa ƙwai ɗaya a tafin hannunta, ga ɗan tsako har da gashinsa, ba motsi. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi sauƙi.

Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Saura kwana uku fa, ɗana. Kai ka ce min ka gama."

Darasin da ke nan shi ne: aikin da ba a tanadar masa ranar matsala ba, ba a gama shi ba. Duk abin da ka aika, tsaya ka ji amsarsa, domin sau da yawa wanda ya yarda da kai ne sakacinka zai fara cutarwa.