Saƙo Biyar da Jikan Waziri

A zamanin da, a wani birni mai ƙofa biyu, an yi wani Sarki wanda ba ya aika saƙo a rubuce, sai da baki. Da jakadansa ya tsufa, sai ya naɗa Tanimu, ɗan wani marini, saurayin da ke riƙe magana bakwai a ka ya kai su ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. Kullum Sarki na yabonsa a gaban fada, kullum Waziri Jatau na jin yabon nan kamar barkono a ido. Shi da ya shekara talatin yana durƙuso, ba a taɓa ce masa madalla sau biyu a jere ba! Hassada ta hana shi cin tuwo.

Ya yi ta tono har ya samo abin faɗa. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Tanimu ba abin dogaro ba ne. Yana ɗan shekara shida ubansa ya aike shi sayen baba da toka da kanwa, ya bi mai wasa da biri, ya dawo hannu rabbana. Wanda ya zubar da saƙo yana yaro, haka Allah ya yi kansa. A tuɓe shi, a kafa doka kada irinsu su riƙe sarauta har abada."

Sarki ya ce, "To, mu gwada dokar kafin mu kafa ta."

Ya sa aka kira Tanimu, da Ilu autan Waziri ɗan shekara sha huɗu, da Nomau jikan Waziri ɗan shekara shida, wanda tsohon ke so kamar ransa. Ya ba su saƙo ɗaya zuwa ga Sarkin Ƙofa: a buɗe ƙofar gabas, a rufe ta yamma, a shayar da raƙuma, a shigo da gishiri, a bar kanwa a waje. A ɓoye kuwa ya ajiye mai biri a hanyarsu, da wani mai baƙar magana.

Nomau ya tsaya kallon biri, ya isa da magana biyu kacal. Ilu ya riƙe duka biyar, amma da aka ce masa mai kunnen jaki sai ya tuɓe riga, saƙon ya watse wajen dambe. Tanimu ya ji zagin, ransa ya ɓaci, ya haɗiye, ya kai biyar ɗinsa cif.

Da aka dawo, Sarki ya ce, "Waziri, ga 'ya'yan gidanka biyu sun zubar da saƙo. Mu kafa dokar?"

Kafin Waziri ya buɗe baki, Nomau ya rugo ya kama masa riga yana murna. "Kaka, na faɗi biyu daidai!"

Waziri ya dubi yaron. Da kyar ya ce, "Ranka ya daɗe, kan yaro girma yake yi. Yau ya riƙe biyu, baɗi uku. Riƙe zuciya kuwa shi ke zuwa daga baya."

Sarki ya ce, "Kan ɗan marini ma ya girma. Tashi ka yafa masa alkyabba da hannunka."

Waziri ya tashi ya yafa masa. Tanimu kuwa ya sunkuya wajen Nomau ya ce, "Ni a shekarunka ko ɗaya ban kai ba. Zo gobe mu gwada uku."