Ƙwan Katakon Radko

Akwai wata mata a wani ƙauyen Bulgariya, sunanta Tsvetanka. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, to, sai dai a haƙura.

Ranar bikin Ista na Kiristoci yara suka fita karon ƙwai kamar kowace shekara. Kowa da dafaffen ƙwansa da aka rina ja, a gwara, wanda nasa ya fashe ya miƙa wa ɗayan. Kafin rana ta take, ɗanta Radko, ɗan shekara shida, ya dawo da hula cike da ƙwai, nasa ko tsagewa bai yi ba.

Ta karɓi ƙwan nasa ta ƙwanƙwasa a tebur. Ashe katako ne aka shafa wa jan fenti!

Mijinta Zdravko, kafinta, ya kwashe da dariya. Wai shi ya sassaƙa, wasan yara ne kawai, kuma ɗansa ya gado wayo.

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ga yadda yaron ke kallon ubansa yana murmushi, ya fara ɗaukar cuta abin yabo.

"Baban Radko, yau ƙwai ne. In ya girma me za ka sassaƙa masa?"

Ta kama hannun yaron, suka shiga gida-gida. A kowace ƙofa shi zai mayar da ƙwai, ya nuna katakon, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya yi kuka, ya tirje, har ya kwanta a ƙasa. Ta tsaya ta jira shi ya tashi. Wata maƙwabciya ta ce haba, ranar biki ce, a ƙyale yaro. Tsvetanka ta gode mata, suka wuce gaba.

Saura gidan su Nevena, yarinyar da ta koma gida da kuka tun safe. Radko ya waiga, ya hango ubansa ya biyo su daga nesa yana sosa ƙeya.

"Baba, kai ma zo mana. Ai tare muka yi."

Zdravko ya matso, ya cire hularsa, shi ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya fara ba yarinyar haƙuri kafin ɗansa.

Darasi: Yaro yana koyon hali daga abin da iyayensa suka yi wa dariya. Ku gyara ƙaramar cuta tun tana ƙarama, ko da ku ma sai kun sunkuyar da kai. Ku tura wa iyayen da kuka sani.